Dubu Uku da Ɗari Biyu

Da rana kayan mutane nake turawa a filin jirgi,
akwatin mai zuwa Landan, jakar mai zuwa Jidda.
Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa zama kusa da taga ba.
Da dare kuwa, a ɗakina na Mamobi,
ni ne matuƙi.

Guntu-guntu na haɗa kwamfutar a Sakul,
kamar mai zubin adashi:
allo daga wurin Ofori, fanka daga wani Bakotokole,
sandunan ƙwaƙwalwa biyu, ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba,
ɗaya koriya, ɗaya baƙa.
Mai shago ya rantse za su zauna lafiya.

Amma wasan nan ba ya ƙoshi.
Yana son kowane gajimare da inuwarsa,
kowane rufin kwanon Nima da tsatsarsa.
Inji na nishi, hoto na ɗingishi.

Sai Mutala, ɗan ƙanwata, ya ce, “Kawu, akwai ƙofar baya.”
Ya kai ni bayos, wani shuɗin ɗaki cike da lambobi.
“Nan ake yi wa inji bulala.”
Dubu biyu da ɗari huɗu muka tarar,
dubu uku da ɗari biyu muka bari,
muka barbaɗa masa ƙarin wuta kamar gishiri a miya.

Ai kuwa ya tashi!
Teku ta koma baya, tafkin Bolta ya shimfiɗu kamar faranti,
na wuce Kintampo ban ji ko gargada ba.
Ga fitilun Tamale, na sauke tayoyi,
saura ƙafa ɗari biyar, saura ɗari huɗu,
sai komai ya daskare.
Ƙarar injin ta maƙale a harafi ɗaya,
allo ya yi baƙi, ya dawo
da hoton 'yata cikin kayan makaranta,
tana murmushi kamar ba a yi komai ba.

Fasinja ɗari da tamanin.
Har yau ban san inda na bar su ba.

Sau bakwai haka.
Na zargi kamfanin wuta, na zargi zafin Maris,
na zargi dutsen gugar Zuwera.
Na cire murfin akwatin, na juya masa fankar ɗaki,
mu muka kwana cikin gumi.
Zuwera ta ce, “Jirgin da bai bar kan tebur ba,
shi ma faɗuwa yake yi?”

Daren Laraba na bar gwaji yana gudu har asuba.
Na dawo masallaci na tarar da jajayen layuka.
Baƙar sanda tana iya gudun.
Koriyar ce ba ta iyawa, kuma ba ta faɗa ba:
tana biye da 'yar'uwarta, tana haki a ɓoye,
cikin miliyoyin lambobi sai ta saki guda ɗaya.

Ban ji haushinta ba.
Ni ma watan da na haɗa aikin dare da na rana
na ɗora jakar Kumasi a keken Abijan,
kuma da aka tambaya na ce lafiyata ƙalau.

Na koma shuɗin ɗakin ni kaɗai.
Na mayar da lambar inda na same ta,
na rage gajimare, na yafe inuwar bishiyoyi.
Hoton yana ɗan tsalle a kwana. To, ya yi.

Ƙarfe biyu saura na taɓa ƙasa a Tamale,
da ɗan karkata, ba wanda ya tafa.
Ina kashe injuna ke nan kwanon ɗakinmu ya ɗauki rawa:
na gaske ne ke wucewa, ya makara,
da akwatunan da na loda masa da yamma.